Doguwar waya tsakanin tele, ampili da sifika: wacce za a ja, wacce za a bari gajera?



Akwai wani koke da ke yawan iso mana, musamman in zafi ya kankama cikin Afrilu da Mayu, lokacin da ɗaki ba ya zaunuwa da dare, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Tele da dekoda suna cikin ɗaki, mutane suna waje, ko kuma maigida yana zaure da baƙinsa yana son jin labarai ko tafsiri. Sai a aiki yaro kasuwa ya sawo doguwar waya, irin mai kai ja da fari ɗin nan, mita 15 ko 20. In ba a samu doguwa ba, a sayi gajeru uku a ƙulla, a naɗe da sikoci. A bar tele a ɗaki, a fito da ampili da sifika waje, a haɗa. Ana kunnawa sai ƙugi ya tashi, huuum, kamar injin nika daga nesa. A ƙara murya, ƙugin ya ƙaru. Maganar mai labarai kuma ta fito a dushe kamar yana magana cikin tulu.

Daga nan sai zargi ya fara. Wani ya ɗauki ampili ya kai wa mai gyara, a canza abin da bai lalace ba, jikkuna su tafi. Wani ya buga wa ɗansa da ke Libiya ko Abijan ya ce kayan da ya aiko ba su da kyau, yaron da ya matse bakinsa ya tara kuɗin ya kwana da ɓacin rai. Alhali sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Wayar da bai kamata a ja ba ita aka ja.

Waya iri biyu ce, kowace da aikinta

A kayan sauti na gida, akwai wayar da ke ɗauko sauti daga tele, dekoda, rediyo ko salula ta kai shi bakin ampili. Mu kira ta wayar shiga. Ita ce mai kai ja da fari, wadda ƴan gyara ke ce wa RCA, sunan kamfanin Amurka da ya fito da ita tun zamanin garmaho, don a haɗa garmaho da akwatin rediyo. Ƙaramin kan nan da ake soka wa salula, mai kaurin milimita 3,5, shi ma danginta ne. Sai kuma wayar da ke fita daga bayan ampili zuwa sifika, wadda wasu ke ce wa baful. Wannan ita ce wayar sifika.

Abin da ke bi ta cikinsu ba ɗaya ba ne. Wayar shiga raɗa take ɗauka: wutar da ke cikinta takan kama daga kashi ɗaya cikin uku na bolt zuwa bolt 2 in ta yi yawa. Ta makirfo ma ba ta kai haka ba, ƴan ɓurɓushi ne cikin dubu na bolt ɗaya. Wayar sifika kuwa ƙarfi take ɗauka. Ampilin da ke ba da wat 50 ga sifika mai om 8, bolt 20 yake turawa.

Aikin ampili shi ne ya ninka duk abin da ya shigo ta ƙofarsa, sau ashirin, sau talatin ko fiye. Bai san muryar malami ba, bai san hayaniya ba. Duk dattin da wayar shiga ta kwaso a hanya, tare da muryar za a ninka shi. Dattin da wayar sifika ta kwaso kuwa ya zo bayan an gama ninkawa, ba shi da ƙarfin da zai motsa takardar sifika, kunne ba zai ji shi ba. To kun ji dalilin da ya sa muke cewa na'urar da ke ba da sauti da ampili su zauna kusa da juna kamar Hassan da Husaini, sifika ce za ta yi tafiya.

Ina ƙugin yake fitowa?

Kuran ɗin da NIGELEC ke ba mu, bolt 220 ne, kuma yana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Haka yake a Najeriya da Ghana da Faransa. A Amurka sau 60 ne. Duk wayar wuta da ke cikin bango ko rataye a azara tana watsa wannan kaɗawa kewaye da ita. Ƙugin da kuke ji, muryar kuran ce da kanta.

In kuna da tsohuwar wayar RCA da ta mutu, ku yanka ta ku duba. A tsakiya akwai siririn zare, shi ke ɗauke da sautin. Kewaye da shi akwai roba, sannan wata saƙa ta ƙananan zaruruwan jan ƙarfe da ta lulluɓe shi kamar riga. Wannan rigar ita ce garkuwa. A waya ta kirki saƙar a cike take, ba ka ganin robar ciki. A ta arha kuwa, zare biyar ko shida ne aka shimfiɗa a gefe, don dai a ce akwai. A mita ɗaya ba a gane bambanci. A mita 15 kowane taku ƙofa ce ta shigar hayaniya. Kuma raunin wannan irin waya a ƙirarta yake: rigar nan ita ce garkuwa, ita ce kuma hanyar da sautin ke komowa. Duk abin da ya hau rigar ya shiga cikin sautin ke nan.

Ba kuran kaɗai ba. Cajar salula ta arha, kwan fitilar LED maras kyau, fanka, firji lokacin da zai tashi, da na'urar nan da ke juya wutar batirin sola zuwa 220, wadda wasu ke ce wa konbatisar wasu inbata, duk suna feso tasu hayaniyar. Ta inbata mai arha ma ta fi ta kuran kaifi, zzzz take yi maimakon huuum. Doguwar waya maras garkuwa kuma eriya ce. Mu da ke gidan rediyo mun san wannan sarai: gidan da ke kusa da dogon ƙarfen watsa shiri, wani lokaci sai a ji tashar tana fitowa a ampili ba tare da an kunna rediyo ba. Muna son a saurare mu, amma ba ta wannan hanya ba. Haka nan tit-tirit-tirit ɗin da sifika ke yi in kira zai shigo salular da ke kusa, waya ce ta kamo shi.

Dushewar murya kuma dalilinta daban. Zaren tsakiya da rigar suna kusa da juna, saboda haka suna riƙe ƴar wuta tsakaninsu, kuma siraran sautuka su ne ke fara maƙalewa: harafin "s" da "sh" a bakin mai magana, da zaƙin goge ko algaita. Ga ƴan gyara da ke karanta mu, abin yakan kai kimanin pikofarad 100 a kowace mita a waya mai kyau, ta banza ta ninka haka. Gaskiya wannan bai cika damun na'ura mai ƙarfin turawa ba. Ya fi kama wadda mafitarta ke da rauni. Ƙugi shi ne babban abokin gaba, dushewa na biye.

Shawararmu game da tsawo ita ce: wayar shiga ta tsaya mita ɗaya zuwa biyu. In dole ce, mai kyakkyawar garkuwa za ta kai mita 5 ba matsala. Mita 10 sa'a ce, wani gida ta yi, wani gida ta ƙi. Abin da ya wuce haka, a nemi wata dabara. Kuma kada mai shago ya ruɗe ku da kai mai ruwan zinariya. Amfaninsa ɗaya ne, ba ya tsatsa. Ba ya hana ƙugi.

Wayar sifika: kauri ake nema

Ita ma wayar sifika tana da nata sharaɗin. Masu lambu da ke ban ruwa da inji sun san abin: in ka ja siririn tiyo ya yi nisa, ruwan da ke fita a ƙarshe ba shi da ƙarfi, inji kuwa yana ta shan mai. Haka wuta take cikin siririyar waya.

Lambar da ke jikin waya, 0,5 ko 0,75 ko 1,5 ko 2,5, ita ce kaurin ƙarfen da ke ciki, da murabba'in milimita. Jan ƙarfe mai kauri 1 yana tauye wuta da kimanin om 0,0175 a kowace mita. Kada a manta wutar zuwa take ta dawo, wato nisan mita 20 tafiyar mita 40 ce. Mu yi lissafin tare. Siririyar waya mai 0,5, irin ja da baƙin nan da ta cika kasuwa, a nisan mita 20 tana da om 1,4. In sifikarku mai om 8 ce, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ya kamata ta samu ya salwanta. In mai om 4 ce, kusan rabi. Sai ku yi ta murɗa murya, ampili yana zafi, kuna cewa ya tsufa. A wannan nisan dai, waya mai 1,5 asararta kimanin kashi ɗaya cikin goma ce, mai 2,5 kuwa ba ta kai haka ba.

Ga abin da za ku riƙe in za ku kasuwa. Sifika mai om 8: waya mai 0,75 ta isa har mita 8, mai 1,5 har wajen mita 17, mai 2,5 har wajen mita 28. In sifikar mai om 4 ce, ku raba kowane nisa biyu. Adadin om ɗin a rubuce yake a bayan sifika. Kuma ba sai kun nemi wata waya ta musamman mai suna ba. Wayar wutar gida mai laushi, mai zare biyu, wadda masu haɗa kuran ke sayarwa da mita, tana yin aikin daidai.

Sai dai a yi hattara da jabu. Akwai wayar da alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A ido ja ce, amma alminiyom bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, kuma yana karyewa a bakin maɗauri bayan ƴan watanni. Ku fere bakin wayar ku kankare zaren da wuƙa. In fari ya fito, ita ce. Ko ku kunna ashana ku kara: zaren alminiyom nan da nan yake lanƙwashewa ya zube, jan ƙarfe na gaskiya sai dai ya yi ja ya tsaya. A hannu ma, ta jabu ba ta da nauyi. Ko a kasuwar Dole ta Damagaram ne, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai, mai kayan kirki ba ya hana a gwada.

Wajen ɗaurawa, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a sifiku duka biyun. In aka juya ɗaya, ba abin da zai ƙone, amma ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, kaurin sauti ya ɓace, ganga ta koma kamar gwangwani. Abin da ke ƙona ampili shi ne siririn zare ɗaya da ya tsere ya taɓa ɗan uwansa. A murɗe bakin waya sosai, a ɗaure, a duba da fitila. Haka kuma yawan jera sifiku a mafita ɗaya: biyu masu om 8 sun zama om 4, uku sun faɗo ƙasa da om 3, kuma ampili da yawa ba sa jure ƙasa da 4, balle a zafin da ke haura digiri 40.

Abu ɗaya muke roƙonku da babbar murya. Kada a sa wa wayar sifika kan filogin wuta, irin mai ƙafa biyu da ake sokawa a piriz, wai don a riƙa cirewa da sauƙi. Mun san ana yi, musamman in tsohuwar ralonj aka yanka. Ranar da yaro ko baƙo ya ga kan filogi a ƙasa, a bango zai soka shi. Bolt 220 ya shiga sifika ko ampili. In kaya kaɗai suka ƙone, an gode Allah.

Wani zai ce, ni ai ba ni da ampili daban. To duba da kyau. A kayan nan masu babban akwati ɗaya da ƙananan sifiku biyu ko biyar, ampilin yana cikin babban akwatin. Shi zai zauna kusa da tele, ƙananan ne za a ƙara wa waya. Sifika mai batiri kuwa, irin mai taya da ake ja, ampilinta a cikinta yake, saboda haka duk wayar da ta je mata wayar shiga ce, dokar gajarta ta hau kanta.

In dole sai sautin ya yi nisa kafin ampili

Akwai inda ba makawa. Mu kanmu a situdiyo, makirfo yana ɗaki ɗaya, teburin haɗa sauti yana wani, kuma in muka fita ɗaukar taro mukan ja waya mai nisa. Me ya sa tamu ba ta ƙugi? Saboda irin wayar daban ce. Kanta mai ƙafa uku ne, ana ce masa XLR, ƴan gyara da yawa kuma Kanon suke ce masa, daga sunan kamfanin Cannon na Amurka da ya ƙera shi. A cikinta zare biyu ne a murɗe da juna, sannan riga ta lulluɓe su. Rigar garkuwa ce kawai, ba ta ɗaukar sauti. Zaruruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, duk hayaniyar da ta hau ɗaya ta hau ɗayan daidai wa daida. A ƙarshen tafiya na'urar da ke karɓa bambancin da ke tsakanin su biyun kawai take ɗauka, abin da suka yi tarayya a kai ta watsar. Hayaniyar ta kashe kanta ke nan. Dabarar tsohuwa ce, daga wayar tarho ta samo asali. Alexander Graham Bell ya yi rajistar murɗaɗɗiyar waya tun 1881. Irin wannan tana tafiya mita 50, har 100, sauti garau.

Amma a lura, sai na'urorin biyu, mai bayarwa da mai karɓa, duk an ƙera su don haka. Sayen ɗan kan da ke juya RCA zuwa XLR bai canza kome ba, sunan kawai aka sauya. In kayanku na gida ne masu ja da fari, akwai ƙananan akwatuna masu taransifoma a ciki da ake sawa ɗaya nan ɗaya can. Wasunsu ma da wayar intanet ta ofis, mai zare takwas, suke aiki, kuma tana da arha.

Irin wannan ɗan akwati yana maganin wani ƙugin da ke ba ƴan gyara wahala. In tele da dekoda suna piriz ɗaya, ampili yana wani piriz can nesa, ga kuma wayar parabol ta sauko daga rufi, sai ƴar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta kan rigar wayar shiga. Gwajinsa ba wuya: ku zare wayar parabol daga dekoda. In ƙugin ya ɗauke, kun kama ɓarawon. Abu na farko, a mayar da kayan duka kan ralonj ɗaya. In kayanku suna da ƙafa ta uku ta ƙasa a filogi, kada a karya ta don kashe ƙugi. Ita ke tsare mutum ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfe.

Bluetooth fa? Yana yi, in nisan bai wuce mita 10 ba kuma ba katanga mai kauri ko ƙofar kwano a tsakani. Don sauraron karatu ko waƙa daga salula ya wadatar. Da tele kuwa sau da yawa murya takan makara, a ga ƙwallo ta shiga raga kafin a ji ihun.

Masallatai da makarantu, inda ake kai lasifika saman hasumiya ko ajujuwa masu nisa, nasu tsarin daban ne. Ampili irin na TOA ko Ahuja suna da mafita da aka rubuta wa 100V a baya. Da ita ake tafiya mai nisa da waya madaidaiciya, amma sai kowace lasifika tana da nata taransifoman. Sifikar gida ba a ɗaura ta a nan, ƙonewa za ta yi. Kwamitin masallacin da zai sayi kaya ya tambayi wannan tun a shago.

Shimfiɗa wayar

Kada wayar shiga ta kwanta jere da wayar kuran. A bar aƙalla kamu ɗaya ko biyu tsakaninsu, in kuma dole su haɗu, su gicciye juna. Ƙulli tsakiyar waya, ko wace iri ce, nan ne ciwo ke farawa: ƙura ta shiga, damina ta zo ya yi tsatsa, sauti ya riƙa yankewa. Gara a sayi tsawon da ake bukata a dunƙule. In sai an haɗa, a like da dalma. Wadda za ta ratsa tsakar gida a zura ta cikin bututun roba, don rana na busar da robar waya ta tsattsage, ɓera na ci, akuya ma ba ta ƙyale ta. In hadari ya taso da walƙiya, a cire wayar parabol da filogin wuta, a kuma kwance doguwar wayar da ke rataye tsakanin ɗaki da zaure.

Ku kuma ƴan uwa da ke Aljeriya, Kumasi, Legas, Beljiyam ko Amurka, in za ku aiko da kayan sauti, ku fara tambayar gida: daga inda tele yake zuwa inda ake zama, taku nawa ne? Ku sa kuɗin waya mai kauri cikin lissafi, ko ku turo a saya a nan, don nauyi gare ta. Na Amurka ku duba bayan na'urar tukuna. In 120V kaɗai aka rubuta, ba za ta sha kuran ɗinmu ba sai da taransifoma. Wadda aka rubuta wa 100–240V ita ce ba ruwanta.

Wanda kuma ƙugi ke damunsa yanzu haka, kafin ya ɗaure ampili a bayan babur zuwa wurin mai gyara, ya yi wannan gwajin. Ya zare duk wayoyin shiga daga bayan ampili, ya bar sifika kaɗai, ya kunna, ya ƙara murya a hankali. In shiru ya ji, ko ɗan shuuu kaɗan, ampilin lafiya lau yake. Sai ya kawo salula ko rediyo kusa, ya haɗa da gajeriyar waya ta mita ɗaya. In sauti ya fito tas, doguwar wayar ce ko piriz ɗin. In kuwa ƙugin na nan ko da ba a soka kome ba, kuma an gwada wani piriz bai daina ba, to wannan na mai gyara ne, ku gaya masa gwajin da kuka yi don ya san inda zai fara dubawa.